Asibitocin Mishan a Ƙasar Kano: Asalinsu da Sauye-sauyensu

Ƙungiyar Mishan ta SIM ta soma aiki a Nijeriya cikin 1893, amma ta daɗe ba ta sami izinin zama a ƙasashen sarakunan Musulmi ba, gama Turawan mulki suna gudun abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Ciwon kuturta ne ya buɗe mata ƙofa. Cikin 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka danƙa mata aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, watau a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. En'e ce ta ba da fili da kuɗi, Mishan kuwa ta kawo likitoci. Sunan Yadakunya kansa ya nuna halin da masu ciwon nan suke ciki, don sai wanda ya ya da kunya ke zuwa can. Cikin 1943 kuma aka buɗe Asibitin Ido a Kano.

Wannan tsari yana da wuya ga talaka na nesa. Mutumin Bebeji ko Ƙiru, balle na Tudun Wada ko Doguwa, in zai nemi magani, tilas ya bar gona da iyali shekara da shekaru.

Sauyi na fari magani ne ya kawo shi. Da ƙwayar dafson ta yaɗu a shekarun 1950, sai aka riƙa raba ta a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, mutum ya sha yana gidansa. Sauyi na biyu na mulki ne. An kafa ekklesiyar ECWA cikin 1954, cikin 1976 kuma SIM ta miƙa mata ayyukanta na Nijeriya. A shekarun 1970 ɗin nan gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin Mishan da dama. Yadakunya ta koma hannun Gwamnatin Kano, Asibitin Ido kuwa ya zauna a hannun ECWA.

Sai dai asibitin kutare na da, gari ne guda, da gonaki da makaranta, ɗakin shan magani kuwa ƙwaya kaɗai yake bayarwa. Waɗanda suka warke bayan ciwo ya riga ya ci musu yatsu, sabon tsarin bai tanadar musu abin da za su ci ba, shi ya sa da yawansu suka koma bara.