3.4 Asali da Ma'anar Kalmar "Terrestrial"

3.4.1 Shimfiɗa

Kalmar "terrestrial" tana cikin kalmomin Ingilishi masu wahalar da mai fassara zuwa Hausa. Ƙamus yakan ba ta ma'anar "abin da ya shafi ƙasa", amma ita kanta ƙasar ba fuska ɗaya gare ta ba. A wannan sashe za a bi diddigin kalmar tun daga tushenta, domin a nuna cewa a kowane zamani ma'anarta ta dogara ne ga kalmar da aka yi mata kishiya da ita.

3.4.2 Tushen Kalmar

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, wato harshen Rumawa. A wannan harshe "terra" tana nufin ƙasa, daga gare ta kuma aka tsiro da sifar "terrestris", wato na ƙasa. Rumawa sun yi amfani da sifar wajen bambanta sojan ƙasa da na ruwa, da kuma dabbobin tudu da na teku. Turawan Ingila sun ari sifar, suka liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-al".

Masana tarihin harsuna sun danganta "terra" da wani tsohon saiwa na iyalin harsunan Indiya da Turai, wato "ters-", mai ma'anar bushewa. Daga wannan saiwa ne aka sami "torrere" ta Latin, mai nufin gasawa, da kuma "thirst" ta Ingilishi, wato ƙishirwa. Ke nan, ga mutanen farko, ƙasa ita ce wurin da ya bushe, inda ruwa ya ƙare. Daga "terra" ɗin kuma aka sami "territory" da "Mediterranean", sunan Bahar Rum, wanda ke nufin tekun da ke tsakiyar ƙasa.

3.4.3 Shigowarta Cikin Ingilishi

Kafin zuwan wannan kalma, Ingilishi yana da tasa ta gado, wato "earthly". Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, sai Faransanci ya zama harshen fada, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen coci da na karatu. Ta wannan ƙofa ce dubban kalmomi suka kwararo. Kalmar "terrestrial" ta bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi tsakanin ƙarshen ƙarni na 14 da ƙarni na 15. Aro ne na malamai, ba na kasuwa ba, shi ya sa har yau an fi cin karo da ita a littafi fiye da a hira.

A wancan lokaci kishiyarta ita ce "celestial", wato na sama. Fassarar Baibul ta Sarki James, wadda aka buga a 1611, ta jera kalmomin biyu a wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 15, aya ta 40. Haka kuma malaman Turai suna bin ra'ayin Aristotil, cewa duk abin da ke ƙasa da wata mai sauyawa ne kuma mai lalacewa, abin da ke sama kuwa ba ya sauyawa. Saboda haka, idan aka kira abu "terrestrial", ana nufin na duniya ne, mai ƙarewa.

3.4.4 Sauye-sauyen Ma'ana

Wannan fahimta ta fara girgiza a 1543, lokacin da littafin Kofanikos ya nuna cewa duniya ce ke kewaya rana. A 1610 Galileyo ya bayyana cewa ya hango tsaunuka da ramuka a kan wata. A 1687 kuma Niyuton ya nuna cewa doka guda ce ke jawo dutse ƙasa take kuma riƙe da wata a kan hanyarsa. Da katangar da ke tsakanin sama da ƙasa ta rushe, sai kalmar ta sami wasu kishiyoyi.

Na farko, a ƙarni na 17 masu nazarin halittu suka yi amfani da ita ga masu rai da ke zaune a tudu, saɓanin na ruwa. Alal misali, kunkuru na tudu ne, kififfiya kuwa ta ruwa. A nan kalmar ta koma gida, wato ga ma'anar busasshiyar ƙasa da ta faro da ita.

Na biyu, masana taurari suka ba duniyoyi huɗu mafiya kusa da rana wannan suna: Makiyuri, da Binas wadda Hausawa ke kira Zara, da tamu duniyar, da Mas. Dalili shi ne jikinsu na dutse da ƙarfe ne, ba kamar Jupita ba wadda akasarinta iska ce. Abin lura a nan shi ne, kalmar da a da take kishiyantar sama, yanzu ta zama sunan wasu abubuwa da ke sama.

Na uku, bayan zuwan tauraron ɗan'adam a ƙarni na 20, aka kira talabijin da ke watsa shiri daga turakun da aka kafa a ƙasa da wannan suna. Bugu da ƙari, an tsiro da "extraterrestrial", wato abin da ya fito daga wajen duniya, wadda fim ɗin "E.T." na 1982 ya ƙara yayatawa.

3.4.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauki wannan kaya duka. A rubutun addini "na duniya" ya fi dacewa, a nazarin halittu "na tudu", a ilimin taurari "mai jikin dutse", a aikin watsa labarai kuwa "na doron ƙasa". Mai fassarar da ya rubuta "dabbobin duniya" a littafin makaranta, alhali ana nufin na tudu, ya shigar da kifi cikin jerin da aka yi domin a fitar da shi. Don haka, wajibi ne a fara gano kishiyar kalmar a cikin matani kafin a zaɓa mata fassara.