Nikon: Daga Gilashin Sojan Ruwa Zuwa Kyamara Mai Saita Kanta

Ranar 25 ga Yuli, 1917, aka kafa wani kamfani a birnin Tokyo mai suna Nippon Kogaku, wanda duniya ta sani yau da Nikon. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya haife shi. Kafin yaƙin, daga Jamus Japan take sayo madubin hangen nesa da na'urorin auna nisa da sojojin ruwanta ke aiki da su. Da aka ja daga, ƙasashen biyu suka zama abokan gaba, hanyar kaya ta toshe. Sai Koyata Iwasaki, shugaban rukunin kamfanonin Mitsubishi, ya zuba jari aka haɗe wasu masana'antun gilashi uku wuri ɗaya. Babu maganar hoto a lissafin kowa a lokacin. Gilashin da jirgin yaƙi zai hango abokin gaba da shi kawai ake nema.

Da ƙura ta lafa, kamfanin bai ji kunyar neman sani a wurin waɗanda suka riga shi ba. A 1921 ya gayyato injiniyoyi takwas daga Jamus, ɗaya daga cikinsu, Heinrich Acht, ya zauna har 1928 yana koya wa ma'aikata lissafin idon kyamara da yadda ake goge shi. A 1932 aka raɗa wa idanun da kamfanin ke ƙerawa suna Nikkor. Wani abin ban sha'awa shi ne, kyamarar farko da Canon ya kai kasuwa a tsakiyar shekarun 1930, wadda ake kira Hansa Canon, idon Nikkor ne a jikinta. Kamfanonin nan biyu da suka zo suka yi shekaru da dama suna kishi, hannu ɗaya suka fara cin tuwo.

Yaƙi na biyu ya kumbura kamfanin da aikin soja, ƙarewarsa kuma ta kusa kashe shi. Aka rufe yawancin masana'antunsa, aka sallami ma'aikata, dole ya koma ƙera abin da farar hula za su saya. A 1948 ya fitar da kyamararsa ta farko mai suna Nikon. Ba ta yi wani tashe ba. Sa'a ta zo ne a 1950, lokacin da David Douglas Duncan, mai ɗaukar hoto na mujallar Life ta Amurka, ya ga wani hoto da abokin aikinsa Jun Miki ya ɗauka da idon Nikkor a Tokyo. Tsabtar hoton ta ba shi mamaki. Ya sayi idanun ya ɗaura wa kyamararsa ta Leica, ya tafi da su yaƙin Koriya. A watan Disamba na wannan shekara jaridar New York Times ta yi rubutu a kan ingancinsu, daga nan 'yan jarida suka fara tambayar kayan Japan, waɗanda a da ake yi wa kallon kwaikwayo.

Amma shekarar da ta kafa sunan kamfanin da gaske ita ce 1959, ana saura shekara ɗaya Nijeriya ta sami 'yancin kai. A nan aka fito da Nikon F. Akwai ɗan madubi a cikinta da ke karkato hasken da ya shigo ta ido ya kawo shi wurin leƙawa, don haka abin da mai hoto ya gani shi ne daidai abin da fim zai ɗauka. Ana cire ido a sa wani, ana cire kan leƙawa, ana ƙara mata inji mai jan fim. Ga ta da ƙwari kamar me. Don McCullin, Baturen Ingila wanda hotunansa na yaƙin basasar Nijeriya suka zaga duniya, yana da wata Nikon F da ta tare masa harsashi a Kambodiya. Hukumar NASA ta aika da irinta sararin samaniya a tafiyar Apollo 15 a 1971, shekarar da F2 ta fito. F3 ta biyo baya a 1980, ɗan Italiya mai zanen motoci Giorgetto Giugiaro ya tsara surarta, shi ya sa mata jan layin nan da har yau ake gane Nikon da shi.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe daga 1959: bakin da ake ɗaura ido a kai. Kamfanin ya yi masa wani tsari, ya kuma riƙe shi bai sake ba har shekaru kusan sittin. Duk daɗi da wuyar da Nikon ya sha daga baya, daga wannan riƙon suka fito.

Duk waɗannan kyamarori, da hannu ake saita su. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san wahalar ba. Mu ɗauki ranar hawan Sallah a Ƙofar Fada a nan Zazzau, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jahi. Mai hoto yana durƙushe a gefe, ido ɗaya a rufe, hannun hagu yana murza zoben idon kyamara, ɗan yatsan dama yana kan maɓalli. Doki yana tahowa, nisan da ke tsakaninsu yana raguwa a kowane taku, ƙura ta tashi, kafin ya daidaita fuskar mahayi har an ja linzami. Tsofaffin hannu dabara suke yi: su saita a kan wani wuri a ƙasa tun da wuri, su jira doki ya taka nan su danna. In an dace, an dace. In ba a dace ba, sai an wanke fim bayan kwana biyu za a ga rawani ya fito dishi-dishi, bangon fada kuwa tar. Kuma fim ɗaya hoto 36 ne, kowanne kuɗi ne.

Wannan matsala ce injiniyoyi suka daɗe suna neman maganinta. Konica ya fitar da ƙaramar kyamara mai saita kanta a 1977. Nikon ya gwada da F3AF a 1983, amma idanu biyu kacal aka yi mata, ba ta je ko'ina ba. Wanda ya girgiza kasuwa shi ne Minolta, da kyamararsa ta 7000 a 1985, wadda ta haɗa na'urar gani da injin murza ido a cikin jikinta. Yadda abin ke aiki ba shi da sarƙaƙiya in an bi shi a hankali. Tsakiyar madubin nan na ciki yana barin wani haske ya ratsa, wani ƙaramin madubi a bayansa ya tura hasken ƙasa, inda ake raba shi gida biyu. Na'ura ta duba tazarar da ke tsakanin siffofin biyu, ta gane ko saitin ya wuce ko bai kai ba, da kuma nawa ya rage, ta umurci inji ya murza. Kafin ƙiftawar ido an gama. Minolta ya sha riba, ya kuma sha shari'a, domin kamfanin Honeywell na Amurka ya kai shi kotu kan haƙƙin fasahar, a 1992 ya biya fiye da dala miliyan 120.

A nan manyan biyu suka raba hanya. Canon ya rufe ido ya watsar da tsohon bakinsa gaba ɗaya, ya fito da tsarin EOS a 1987, inda kowane ido ke ɗauke da injinsa. Waɗanda suka tara tsofaffin idanun Canon suka ji haushi, don kayansu sun tashi daga aiki a kan sabbin kyamarori. Nikon ya ƙi yi wa abokan cinikinsa haka. Ya bar bakin 1959 yadda yake, ya sa inji a cikin jiki, da ɗan ƙarfe mai kama da bakin sukundireba da ke leƙowa ya murza ido. Da haka F4 ta fito a 1988, shekarar da kamfanin ya ajiye tsohon sunansa ya koma Nikon a hukumance.

Gaskiya ita ce a fagen sauri Canon ya yi gaba. EOS-1 ta fito a 1989, kuma cikin shekarun 1990 masu ɗaukar wasanni da yawa suka koma can, har fararen dogayen idanun Canon suka cika gefen filayen ƙwallo. Nikon ya yi asarar kasuwa, sai daga baya shi ma ya fara sa inji a cikin manyan idanunsa. Ya rama da F5 a 1996: wuraren saiti biyar, hoto takwas a daƙiƙa ɗaya, wato tana iya cinye fim guda kafin daƙiƙa biyar. Tana bin abin da ke gudu, tana ƙiyasta inda zai kai a lokacin da labulen da ke gaban fim zai buɗe. Dokin jahi da ya gagari hannu, wannan ita ce maganinsa. Nauyinta ya haura kilo ɗaya tun ba a sa mata batir takwas ɗin da take ci ba. Duk da haka ni a wurina F4 ce sarauniyarsu. Komai nata da maƙunni da zobba ake juya shi, kana iya sarrafa ta cikin duhu da lalube, kuma kusan duk idon da Nikon ya ƙera wa wannan baki tun 1959 yana hawa kanta. Amana ce aka riƙe, ko da an biya ta da tsada.

To, ina muke a lokacin? Waɗannan kyamarori sun fito ne daidai sa'ad da aljihunmu ya fara ramewa. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta saki darajar naira a ƙarƙashin shirin SAP, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har da fim da takardar hoto da maganin wanki. Mai shagon hoto a Tudun Wada ko Sabon Gari, wanda abincinsa ke fitowa daga hoton fasfo, da biki da suna, da walimar saukar Alƙur'ani, da ɗaliban jami'a ranar yaye su, ba shi da halin kallon F4, balle F5. Da kyamara mai sauƙin kuɗi ya yi aikinsa, yana saitawa da hannu, yana lissafin haske da ka. Zazzau, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, bai rasa masu ido da basira ba. Kayan aikin ne suka yi nisa.

Sai zamani ya juya da sauri. Nikon da kansa ya fito da D1 ta dijital a 1999, wayar salula ta shigo mana a 2001, ba a jima ba kowa ya zama mai hoto. F6 ta fito a 2004, ita ce auta. A farkon 2006 kamfanin ya sanar da daina yawancin kyamarorinsa na fim, Minolta ya fita daga sana'ar a wannan shekara ya miƙa wa Sony, Kodak ya durƙushe a 2012. Canon ya daina sayar da kyamararsa ta fim EOS-1V a 2018, aka tsayar da F6 a 2020.

Abin da bai mutu ba shi ne sha'awa. Da ƙwararru suka koma dijital, suka zubar da tsofaffin kayansu a kasuwar na-hannu, kyamarar da a da sai babbar jarida ke iya saya ta faɗo hannun ɗalibi da malamin makaranta. Waɗannan masu yi don sha'awa su ne suka raya fim, har Kodak ya dawo da Ektachrome a 2018, Pentax kuma ya ƙera sabuwar kyamarar fim a 2024. Na fahimci abin da ke jan su, kuma ina tare da su. Wasu na cewa in fim za ka yi, to ka yi da kyamarar da babu lantarki a cikinta, wai ita ce ta ainihi. Ban yarda ba. Wanda ido ya fara yi wa rauni, ko mai son ɗaukar yaro yana gudu, ko doki, ko 'yan dambe, F4 da F5 sun ba shi damar mai da hankali a kan hoton kansa, ya bar wa na'ura aikin murzawa. Fim kuma yana koyar da haƙuri yadda waya ba ta yi: hoto 36 gare ka, sai ka tsaya ka duba kafin ka danna. Ga wani alherin: batir ɗin F4 da F5 shi ne irin na rediyo da tocila da ke kowane teburin mai kayan tireda, idanunsu kuma suna hawa yawancin manyan kyamarorin dijital na Nikon masu tsohon bakin nan na 1959.

Wanda ya samu irin wannan a ƙasarmu sai ya kula da abubuwa uku da ke kashe ta. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kada a canja ido a fili iska na kaɗawa. Laimar damina tana sa funfuna ta yi saƙa a cikin gilashi, don haka kada a kulle ta a jakar fata a ƙarƙashin gado wata da watanni. Batir da aka manta a ciki yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfe. In an buɗe baya za a sa fim, kada yatsa ya taɓa siririn labulen nan, in ya lanƙwashe gyaransa sai wanda ya gani. Fim baƙi da fari kuwa ana wanke shi a gida da ɗan tanki da magunguna, sai dai a bazara dole a sanyaya ruwan ya sauko wajen digiri 20.

Kirana ga matasan Tudun Wada, musamman ɗaliban zane-zane da na aikin jarida, shi ne ku je ku gaishe da dattawan da suka yi wannan sana'a tun suna raye. Ku tambaye su yadda suke auna haske, ku roƙe su su nuna muku kyamarorin da suka ajiye. Abin da ya fi kyamarar ma daraja shi ne kwalayen nagatif da ke jibge a bayan shago, masu ɗauke da fuskokin iyayenmu da hawan Sallar da ya wuce. Magada kuma, don Allah kada ku sayar wa 'yan gwangwan, kada ku cinna musu wuta a bola. Ku ajiye su wuri mai sanyi marar laima, ku rubuta suna da shekara a kan kowane ƙunshi, ku nemi ɗakin adana tarihi irin Arewa House da ke Kaduna ku ji yadda za a yi a kwafe su.