Jah Shaka: Baƙon da Ya Kafa wa Baƙi Dandali a Landan

Duk wanda ya taso a Legas ko Ibadan ya sha kiɗan rege ko yana so ko ba ya so, ko a shagon mai kaset ko cikin motar haya. Bob Marley, Lucky Dube, Majek Fashek, duk mun san su. To amma mawaƙa kawai muka sani. Yau ina so in ba ku tarihin wani mutum da ya yi suna da akwatunan lasifika, wato Jah Shaka.

Abin da mutanen Jamaika ke kira saun sistem shi ne garmaho da amfilifaya da tarin manyan lasifikoki haɗin gida, sai yaran da ke dakonsu daga wannan wuri zuwa wancan. Kuma 'yan kasuwa ne suka soma shi. A birnin Kingston, wajajen 1950, Tom Wong mai shagon kayan gini da Duke Reid, tsohon ɗan sanda mai shagon giya, suna kunna faifai don jan jama'a. Ni da na tashi a rumfar kasuwa wannan bai ba ni mamaki ba. Talakan da ba shi da kuɗin shiga otal kallon makaɗa sai ya zo nan ya taka rawarsa.

Daga 1948, shekarar da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke fasinjojinsa, mutanen Jamaika suka yi ta kwarara Ingila neman aiki. A 1956 aka kawo Shaka yana yaro, iyayensa suka zauna a kudu maso gabashin Landan. Ba su tarar da maraba ba. Masu gidajen haya da yawa ba sa ba baƙar fata ɗaki, gidajen rawa suna mayar da su daga ƙofa, rediyo ba ya sa kiɗansu. Sai suka koma taruwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da zaurukan unguwa, mai saun ya kawo kaya, a ci abincin gida, a ji labarin gida. Wanda ya san amfanin Sabo ga Bahaushe a Kudu ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Shaka ya koyi aiki a saun ɗin wani mai suna Freddie Cloudburst, sannan wajajen 1970 ya kafa nasa. Sunan ma da manufa ya zaɓe shi. Shaka shi ne sarkin yaƙin Zulu, Jah kuwa sunan da 'yan Rasta ke kiran Ubangiji. Su 'yan Rasta sun ɗauki Sarkin Habasha Haile Selassie, wanda aka naɗa a 1930, a matsayin abin bauta. Wannan ba aƙidarmu ba ce, tarihi nake bayarwa.

Yadda yake aikinsa shi ya fi burge ni. Wasu saun ɗin mutum uku ko huɗu ke raba aiki, shi kuwa shi kaɗai ne mai zaɓen faifai, mai murɗa amfilifaya, mai riƙe makirufo. Garmaho ɗaya tak, tsohon Garrard, a ɗage sama daidai kansa, ga hoton Selassie a manne, ga jiniya yana dannawa. Sai ya sa waƙa, in ta ƙare ya juya bayan faifan, inda aka cire murya aka bar ganga da amon ƙasa, abin da suke kira dub. Wasu faifan kwafi ɗaya ne a duniya, don shi kaɗai aka yanka, saboda haka in kana son jin su dole ka zo. Haka za a yi ta yi har gari ya waye.

Kuma lokacin ba na wasa ba ne. 'Yan sanda na da dokar kama mutum bisa zato kawai, matasa baƙar fata suka fi shan ta. A 1977 'yan wariyar National Front suka yi maci a Lewisham, unguwarsu Shaka. A Janairun 1981 gobara ta kashe matasa baƙar fata 13 a wani gidan biki a New Cross. A irin wannan yanayi saun ɗinsa ya zama makaranta, a nan yaro haifaffen Landan ke jin sunan Marcus Garvey da labarin Afirka. Fim ɗin Babylon na 1980 ya nuna shi a bakin aiki.

Jarrabawar ta zo a 1985, da waƙar Under Mi Sleng Teng ta Wayne Smith ta buɗe zamanin kiɗan na'ura. Kasuwa ta koma waƙoƙin mata da bindiga, saun da yawa suka bi. Shaka ya ƙi. Jama'a suka ragu, bai sauya haja ba. A ganina nan ne girmansa yake, don kowane ɗan kasuwa ya san zafin zama da kayan da aka daina tambaya. Kafin 1990 ta yi nisa sai ga sababbin masu sauraro, har da Turawa da 'yan Asiya, saun irin su Aba Shanti-I da Iration Steppas suka bi sawunsa, salon ya bazu zuwa Faransa da Italiya da Japan.

Da abin da ya samu ya kafa gidauniya, ya sayi fili kusa da Accra a Ghana, yana aika kayan asibiti da littattafai. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 2023, bai daina fita da kayansa ba har shekarar da ya mutu.