Aska Takwas Ta Fi Mai Zana Ta Tsawon Rai

A bakin rafin Jakara Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan raƙuma 300 na tufafin birnin ke tafiya Tambutu duk shekara. Mai saye a can bai san wanda ya zana aska takwas a ƙirjin rigarsa ba. Malami ke zanawa, maɗinki ya bi da allura, dillali ya tsaya wa ingancinta. In malamin ya rasu, almajirinsa ya ɗauki alƙalami, ciniki bai girgiza ba.

Manyan gidajen tufafi na Turai kuwa sun rataya darajarsu a wuyan mutum guda, wato jagoran zane. Alessandro Michele ya bar Gucci a 2022, Sabato De Sarno ya gaje shi da salo mai ƙarancin ado. Masu saye suka ja baya, kasuwar Sin ta yi sanyi, cinikin 2024 ya ragu da fiye da kashi 20 cikin ɗari. A Fabrairun 2025 aka raba gari da shi.

Telolin Kano masu liƙa sunayensu a wuyan riga wannan hanyar suka ɗauka. Duk wanda bai horar da magaji ba, da shi kasuwarsa za ta tafi.