Daga Taskar Makamai Zuwa Gidan Tarihi: Nazari a Kan Ginin Zeughaus na Birnin Barlin

Gabatarwa

Sau da yawa mukan ɗauka cewa gidan adana kayan tarihi wuri ne da ba ruwansa da siyasa, aikinsa kawai ya ajiye kayan da magabata suka bari. A wannan maƙala za mu gwada wannan zato ta hanyar bin tarihin gini guda, wato Zeughaus na birnin Barlin a ƙasar Jamus, wanda ma'anar sunansa ita ce taskar makamai. Abin da muke son nunawa shi ne, an fitar da igwa da albarushi daga ginin, amma masu mulki ba su daina amfani da shi wajen ƙarfafa ikonsu ba.

Asalin Ginin

An aza harsashinsa a shekarar 1695 bisa umarnin Frederick na III, mai mulkin Brandenburg, wanda ya zama Sarkin Purusiya a 1701, kuma ba a kammala aikin gaba ɗaya ba sai a 1730. Gini ne mai kusurwa huɗu da fili a tsakiya. Ana ajiye igwa a ƙasa, bindigogi da takubba kuwa a bene. Daga waje an ƙawata shi da siffofin kwalkwali da tutocin nasara, amma a bangon filin ciki masassaƙi Andreas Schlüter ya sassaƙa fuskoki 22 na mayaƙa a halin gargarar mutuwa. Ke nan tun farko ginin yana da harshe biyu: waje yana kirarin yaƙi, ciki yana nuna sakamakonsa.

Darajar abin da ke cikinsa ta sa ya zama abin hari. Sojojin Napoleon sun kwashe makamansa bayan sun shiga Barlin a 1806. Haka kuma a ranar 14 ga Yuni, 1848, lokacin da guguwar juyin juya hali ta kaɗa a Turai, talakawan birnin suka fasa shi domin su sami abin kare kansu.

Mayar da Shi Gidan Tarihi

Bayan an ci Faransa da yaƙi, aka haɗe Jamus a 1871, Sarki Wilhelm na I ya sa aka gyara ginin daga 1877 zuwa 1880, ya koma zauren tunawa da nasarorin rundunar Purusiya. Nan ne aka jera tutoci da makaman da aka ƙwato daga abokan gaba. Manufar a fili take: duk yaron da ya shiga ya fito yana sha'awar kakin soja.

'Yan Nazi sun gaji wannan manufa, har Hitler ya riƙa yin jawabin ranar tunawa da mazan jiya a filin ginin. A irin wannan biki ne, ranar 21 ga Maris, 1943, wani hafsa mai suna Rudolf von Gersdorff ya shiga da bam a aljihun rigarsa, da niyyar halaka kansa tare da Hitler yayin da yake zagayawa da shi wurin nunin makaman da aka ƙwato daga Rasha. Sai dai Hitler ya yi sauri ya fice kafin lokacin tashin bam ɗin ya cika, hafsan kuwa ya samu ya kwance shi a ɓoye.

Ruwan bama-bamai na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya ragargaza ginin. Da aka raba ƙasar, sai ya faɗa cikin rabon Jamus ta Gabas, wadda ta sake gina shi, ta ba da shi ga gidan tarihin da ta kafa a 1952. A wannan karon sarakuna da janar-janar suka koma gefe, aka shiga ba da tarihin Jamus a matsayin gwagwarmayar ma'aikata da manoma, bisa aƙidar gurguzu. Da ƙasar ta sake haɗewa a 1990, aka rufe wancan gida, aka miƙa ginin da kayansa ga Gidan Tarihin Jamus da aka kafa a Barlin ta Yamma a 1987. An ƙara masa sabon sashe a 2003, aka buɗe sabon nuni a 2006, sa'an nan aka rufe tsohon ginin domin gyara a 2021.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa cikin abin da bai kai shekara 130 ba, gwamnatoci iri huɗu sun tsara labari iri huɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya, wani lokaci ma da kaya iri ɗaya. Takobi ba ya magana, wanda ya rataye shi ya rubuta bayani a ƙarƙashinsa shi ke magana. Saboda haka ya wajaba a kanmu malaman tarihi, in mun kai ɗalibai irin waɗannan gidaje, mu koya musu tambayar wane ne ya tsara kayan, a wane zamani, da kuma abin da ya bari a ɗakin ajiya bai fito da shi ba.