Wuƙar Mayaƙi a Kudancin Kano

A ƙarni na 19, garuruwan kudancin Kano irin su Bebeji da Tudun Wada sun sha fama da harin Ningawa. Mayaƙin wancan zamani ba don ado yake zaɓen wuƙa ba. Gajeriya mai baki biyu yakan nema, ya ɗaura kubenta a damtsen hagu, domin ita ce madogara in mashi ya karye, kibau suka ƙare. Amma amfaninta sai an yi gaba da gaba. A 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya, igwarsa ta fasa ƙofar Bebeji daga nesa, ran 3 ga Fabrairu ya ci Kano. Daga nan wuƙar soja ta koma banati, wadda hukuma ke ba shi, ba shi ke zaɓa ba.