Daga Dandalin Lacca Zuwa Wayar Hannu: Kiran Talaka a Lokacin Zaɓe

Kiran talaka a lokacin zaɓe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun daga ranar 8 ga Agusta, 1950, da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, 'yan Sawaba suka kasa al'umma gida biyu, wato talakawa a gefe guda, masu sarauta da 'yan barandansu a ɗaya gefen. Da yake galibin jama'a ba su iya karatun boko ba a wancan zamani, sai waƙa ta zama jaridarsu. Marubuta irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sukan tsara baitoci, a rera a wurin lacca, yara su haddace, su kai su har kasuwannin ƙauye. 'Yan NPC su ma suna da nasu masu mayar da martani.

Abin lura a nan shi ne, kowace magana tana da mai ita. Wanda ya soki hukuma an san sunansa da unguwarsu, kuma sau da yawa yakan ɗanɗana kuɗarsa a gaban alƙali. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan haka. Wannan gado ne PRP ta Malam Aminu Kano ta ɗauka, har ta ci kujerun gwamna na Kano da Kaduna a 1979.

Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma Facebook da WhatsApp suka bazu, sai dandalin lacca ya koma cikin aljihu. A zaɓen 2015 waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara sun yi ta yawo daga waya zuwa waya, ana kiran Muhammadu Buhari gwanin talakawa. To, amma hanyar da ta ɗauki waƙa ita ce ta ɗauki ƙarya. Gabanin zaɓen 2019 aka baza ji-ta-ji-ta cewa Buhari ya rasu, wai wani Jubril daga Sudan ne ke zaune a madadinsa, har sai da ya fito da kansa a Disamba, 2018, ya ƙaryata.

Ashe ke nan kalmomin kiran talaka suna nan yadda suke tun 1950. Abin da ya ragu shi ne ɗaukar nauyin magana. Ɗan NEPU yakan tsaya a bainar jama'a ya faɗi tasa, ya kwana a kurkuku dominta. Mai tura saƙo a yau kuwa yana iya ɓoye sunansa, ya bar mai jefa ƙuri'a da aikin tantance gaskiya shi kaɗai.